Yadda ake shirya babban sansanin bincike a kan ƙanƙarar Antatika

Daga watan Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, daidai lokacin da hunturu ke tsattsage mana leɓe a Kaduna, shi ne ɗan tsakanin da ake iya zama a yi aiki a tsakiyar ƙanƙarar Antatika, nahiyar da ke can ƙuryar kudun duniya. Rana ba ta faɗuwa a watannin nan, amma a kan tudun ƙanƙarar sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, kuma wannan shi ne lokacin sauƙi. Da Fabrairu ya yi nisa sai sanyi ya tsananta, jirage su daina zuwa. A tashar Vostok an taɓa auna digiri 89.2 ƙasa da sifili, ranar 21 ga Yulin 1983. Saboda haka duk wanda zai kai mutum 40 ko 50 can, da injin haƙa da abincinsu da mansu, kwanakinsa ƙidayayyu ne. Shekara 2 ko 3 kafin a kafa tanti ko ɗaya ake fara aikin a kan takarda.

Na yi wannan rubutu ne domin ƙannenmu masu karatun kimiyyar ƙasa da injiniyanci a Jami'ar Jihar Kaduna da Kadpoly da ABU Zariya, da masu nazarin ruwa a cibiyar Mando. Ƙanƙarar nan idan ta narke, tekun da ke bakin Legas na cikin waɗanda za su ƙaru. Ina son ganin namu a cikin tawagogin da ke auna ta.

Mataki na farko: a tsayar da tambaya ɗaya

Me za a je nema? Manyan sansanoni galibi na haƙa ne. Ana huda ƙanƙarar a zaro ta sanda-sanda, domin a cikinta akwai ƙananan kumfar iska da suka maƙale tun lokacin da dusar ta zuba. A sansanin WAIS Divide, Amurkawa sun kai zurfin mita 3,405 a Disambar 2011. A Little Dome C kuwa, tawagar ƙasashen Turai ta kai mita 2,800 a Janairun 2025, ta zaro ƙanƙara mai shekara miliyan 1.2. Tambayar ce ke zaɓar wuri, kuma kafin a ce ga inda za a huda sai an yi shekaru ana yawo da na'urar rada a jirgi da kuma a ƙasa, ana duba kaurin ƙanƙarar da yadda shimfiɗunta suka kwanta. Shawarata a nan, a hana kowane malami cusa nasa binciken a cikin tafiyar. Kowace ƙarin tambaya ƙarin kaya ce.

Mataki na biyu: izini da abokan tafiya

Babu ƙasar da ke mulkin Antatika. Yarjejeniyar da ƙasashe 12 suka sa wa hannu a 1959, ciki har da Afirka ta Kudu, ta keɓe nahiyar don zaman lafiya da bincike. Ƙarin yarjejeniyar Madrid ta 1991 ta wajabta a rubuta irin tasirin da aiki zai yi ga muhalli kafin a fara shi. Mai bincike daga nan zai shiga ne ta hannun hukumar wata ƙasa mai tasha a can. Ana tashi daga Christchurch a Niyu Zilan zuwa tashar McMurdo ta Amurka, ko daga Punta Arenas a Cile, ko Hobart a Ostireliya, ko Kef Tawun, inda jirgin ruwan S.A. Agulhas II ke kai kaya ga tashar SANAE IV.

Mataki na uku: a fara lissafi daga ranar fita

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne mai shiri ke bambanta da mai buri. Ka fara rubuta ranar da jirgin ƙarshe zai kwashe mutum na ƙarshe. Daga ita ka dawo baya: kwanakin rushe sansani da ɗaure kaya, kwanakin haƙa, kwanakin gini, har zuwa ranar da mutum na farko zai taka wurin. Sannan ka ware kwanakin da babu abin da za a yi sai zaman jiran yanayi, domin guguwa kan hana jirgi tashi mako guda cur. Tsarin da ya cike kowace rana da aiki, ranar farko da iska ta taso ya wargaje.

Bayan kwanaki sai nauyi. Jirgin da ke ɗaukar manyan kaya zuwa sansanonin Amurka shi ne LC-130, wato Hakulis mai faifan zamiya a ƙafafunsa don sauka a kan dusa. Abin da yake ɗauka a sawu ɗaya bai wuce tan 12 ba, kuma iya nisan tafiya iya raguwarsa. Don haka komai sai ya hau sikeli: tanti, katako, buhun gari, kebur, har jakar kowane mutum. Kowane akwati da lambarsa, da nauyinsa, da sawun da zai bi, da alamar ko kayan ciki na jure daskarewa. Abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne kaso mafi tsoka na kayan man fetur ne. Shi ke kunna janareta, shi ke narka ruwan sha, shi ke ɗumama tanti, shi taraktoci ke sha. Shi ya sa ake zaɓar injinan da duk za su yi aiki da man jirgi iri ɗaya, wanda ba ya daskarewa da wuri, don kada a rarraba tankuna.

Idan kayan sun fi ƙarfin jirgi, sai a yi ayari ta ƙasa. Taraktoci na jan manyan salkunan roba cike da mai a kan faifai masu santsi, su yi makonni suna tafiya. Daga McMurdo zuwa tsakiyar ƙuryar kudun duniya kusan kilomita 1,600 ne, daga gaɓar teku zuwa tashar Concordia ta Faransa da Italiya kuwa kusan 1,100. Wanda ya san labarin fataken da ke zuwa Gwanja zai gane tsarin: akwai madugu mai yanke hukunci, akwai jagaba a gaba yana duba hanya, akwai zango da aka riga aka sani, kuma guzurin dawowa tun daga gida ake lissafa shi. Jagaban nan mota ce mai doguwar sanda a gaba ɗauke da rada, tana neman ramukan tsaga da dusa ta rufe bakinsu, waɗanda kan haɗiye tarakta sukutum.

Mataki na huɗu: 'yan share fage

Ba a kai jama'a gaba ɗaya. Ƙaramin jirgi irin Twin Otter ko Basler ke fara sauke mutane kaɗan, da makaniki da mai kula da lafiya a cikinsu. Kafin jirgin ya tafi ya bar su, sai sun kafa tanti, sun kunna risho, sun yi magana da tasha ta rediyo. Daga nan su daddale filin saukar babban jirgi, su jera masa tutoci.

Mataki na biyar: iska ce ke zana gari

Tun ran gini tun ran zane. Kafin a kafa komai a san inda iska ta fi fitowa, domin duk abin da ka ajiye a fili, dusa za ta taru a bayansa ta binne na kusa da shi. Ana jera kaya a layi da tazara, a kafa doguwar gora mai tuta a kan kowane tari. Janareta da ma'ajiyar mai suna can ɓangaren da iska ke wucewa, don hayaƙinsu kada ya gurɓata inda ake ɗibar samfur da inda ake ɗibar dusar sha. Tantunan barci nesa da filin jirgi. Tsakanin wurin barci da kicin da makewayi akwai layin tutoci, wani lokaci har da igiya, saboda akwai ranar da sama da ƙasa ke haɗewa su yi fari fat, mutum ya ɓace taku 20 daga ƙofar tantinsa.

Wurin haƙa da wurin yanka ƙanƙara a ƙarƙashin dusa ake yin su, don sanyi ya tsaya daidai. A sansanin EastGRIP na Girinlan, tsibirin ƙanƙara da ke can arewacin duniya, wanda masanan Denmak suka jagoranta, sun yi wata dabara da ke burge ni: a haƙa rami, a hura doguwar balan-balan a ciki, a watsa mata dusa a sama, idan ta sandare a sace iskar a zare balan-balan ɗin, sai ga zaure mai rufin baka, ba katako ba ƙarfe. Nauyin jirgi nawa aka rage da wannan! A Yulin 2023 suka kai ƙasan ƙanƙarar, zurfin sama da mita 2,600. Su nasu lokacin aikin daga Mayu zuwa Agusta ne, wato da daminarmu.

Mataki na shida: mutane

Kada a cika sansani da masu digiri. Kuku, makanikin janareta, direban tarakta, kafinta, mai lantarki, mai duba yanayi da likita, su ne ke riƙe da ran kowa. A naɗa shugaban sansani daban da shugaban bincike, kuma a kan batun lafiya da tsaro maganar shugaban sansani ce ta ƙarshe. Kowa sai an yi masa gwajin lafiya har da haƙori, don asibiti na iya zama tafiyar kwanaki. A 1961 likitan wata tashar Sobiyet, Leonid Rogozov, da hannunsa ya yi wa kansa tiyatar afendis saboda babu wani likitan.

Mai aiki cikin wannan sanyi kan buƙaci kalori 4,000 ko fiye a rana. Ruwa kuwa sai an sheɓi dusa da shebur an zuba a tukunyar narkarwa, shi ya sa wanka ke zama na lokaci-lokaci. A sha ruwa sosai, iskar busasshiya ce. A sa baƙin tabarau kullum, hasken dusa na ƙona ido. Kada a kunna risho a rufaffen tanti, yana fitar da iskar guba marar wari mai kashe mutum cikin barci. Duk wanda zai fita daga sansani ya faɗi inda za shi da lokacin dawowarsa, ya ɗauki oba-oba da jakar tsira, kuma kowace rana sansani na kiran babbar tasha ta wayar tauraron ɗan'adam a sa'ar da aka yanka.

Ɗan'uwa Musulmi, ka zauna da malaminka tun kana Kaduna. Inda rana ba ta faɗuwa, malamai sun ce a ƙaddara lokutan salla, wasu da gari mafi kusa mai dare da rana, wasu da lokacin Makka. Ka tambayi hukuncin taimama a inda babu ƙasa sai dusa. Ka rubuta buƙatar abincin halal a takardunka da wuri, domin watanni kafin tafiya ake sayen abincin. Kilishi kuwa bar shi a gida, Niyu Zilan na da tsauraran dokoki kan shigo da nama.

Mataki na bakwai: fita

Sandunan ƙanƙara ake fara fitarwa, cikin akwatuna masu riƙe sanyi. Matuƙa jirgi na kashe na'urar ɗumama ciki su yi tafiyar a daskare, daga nan sai kwantena mai firiza a jirgin ruwa. Ƙanƙarar da Amurkawa suka haƙo tana ƙarewa ne a ma'ajiyar Denver mai sanyin digiri 36 ƙasa da sifili. A tanadi firiza ta biyu da mai gadinta a kowane zango. Shara, baƙin mai, batura, galibi har da bahaya, duk cikin duro ake kwashe su a fitar. Kayan da za su kwana har baɗi a ɗora su a kan tudun dusa da aka tara, a daddaure, a kafa musu dogayen tutoci, a ɗauki hotonsu, a rubuta lambar GPS ta kowane tari. A ba babbar tasha kwafin takardar, a ba shugaban tawagar baɗi wani.