Darasi na Bakwai: Inbata da Batir, Randar Ajiye Wuta

Inbata ba ta samar da wuta. Mutane da yawa suna ɗaukarta kamar janareta marar ƙara, kuma daga nan asarar kuɗi take farawa. Janareta yana ƙona fetur ya ba da wuta. Shi kuwa batir randa ne: abin da aka zuba masa lokacin da NEPA ta kawo wuta, ko rana ta haska allon sola, shi kaɗai za a ɗiba idan an ɗauke. Aikin inbata biyu ne. Tana mayar da wutar batir mai bolt 12, 24 ko 48 ta koma irin ta gida mai bolt 230, sannan idan an kawo wuta ta yi wa batirin caji.

Lissafi kafin zuwa kasuwa

A ɗauki biro da takarda a zagaya gida. Kowane kayan wuta yana da lamba a jikinsa mai harafin W, wato wat, wadda ke nuna yawan wutar da yake ci. Ga misalin gida mai ɗaki biyu da falo. Ƙwan fitila biyar na LED, kowanne wat 10, sun ba da 50. Fankar sama biyu, kowace 70, sun ba da 140. Talabijin 60, cajin wayoyi 20. Jimla wat 270. Idan ana so su yi aiki awa shida, sai a ninka 270 sau 6, a sami wat-awa 1,620, wato wat sau awa. Wannan ce buƙatar gidan a dare ɗaya.

Yanzu sai a duba randar. Batirin da aka fi gani an rubuta masa 12V 200Ah, wato bolt 12, ita kuma 200Ah girman cikinsa ce. A ninka lambobin biyu: 12 sau 200 ya ba da 2,400. Amma ba duka ne naka ba. Batirin dalma, mai ruwa ko busasshe, rabinsa kawai ake ɗiba idan ana so ya yi shekaru, saura 1,200 ke nan. Ita ma inbata tana cin ladan aikinta, kimanin kashi 15 cikin 100, wanda yake tafiya a zafi. Abin da zai iso fanka da fitila kimanin 1,000 ne. A raba 1,000 da 270, sai a ga batir ɗaya zai riƙe gidan nan awa uku da minti arba'in. Mai son awa shida batir biyu zai saya. Idan mai shago ya ce ɗaya zai kai ka asuba, ba ƙarya ya yi ba, zai kai. Abin da bai faɗa ba shi ne batirin da ake yashewa ƙarƙaf kowane dare da wuya ya cika shekara.

Girman inbata kuma da kVA ake rubuta shi. Mai kVA 1 tana ɗaukar kimanin wat 800 a lokaci guda. A bar mata sarari, kada kayan da aka ɗora su wuce kashi uku cikin huɗu na ƙarfinta. Firji yana da wata ɗabi'a: a daƙiƙar da injinsa zai tashi yakan fizgi ninki uku zuwa biyar na abin da aka rubuta masa, shi ya sa ƙaramar inbata take yin ƙara ta mutu da zarar ya tashi. Dutsen guga, hita, risho na lantarki da butar dafa ruwa ba kayan batir ba ne. Dutsen guga kaɗai wat 1,000 ne ko fiye, awa guda ta ishe shi ya shanye abin da fanka da fitila za su yi rabin dare suna ci. A ofis, injin hoton takardu da firinta mai aiki da garin tawada suna cikin wannan sahu, domin akwai abin ɗumamawa a cikinsu.

Inbata mai arha sosai sau da yawa wutarta ba mai santsi ba ce. Alamarta fanka ta riƙa gurnani, injin firji ya riƙa zafi. A tambayi mai sayarwa a tabbata mai tsaftatacciyar wuta ce irin ta NEPA.

Wane batir?

Batirin mota ba ya wannan aiki. An ƙera shi ne ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu ya tayar da inji, farantan cikinsa sirara ne, idan ana yashe shi kullum watanni kaɗan zai yi.

Dogon batir mai ruwa, wanda ake kira tubula, ya fi jure wahala da zafi, amma yana son kulawa. Busasshe, wanda aka rufe ruf, ba a ƙara masa ruwa, sai dai zafi da cajin da ya wuce kima suna saurin kashe shi, kuma ba ya gyaruwa. Batirin litiyum ya fi tsada a ranar saye, amma ana ɗibar kashi 80 zuwa 90 na cikinsa, yana cika da sauri, yana jure caji da saukewa sau dubbai. Yana da allon kariya a ciki mai yanke wuta idan an matsa masa. Ga mai hali, kuma wanda wuta ba ta daɗewa a unguwarsu, shi ya fi. Sharaɗin shi ne inbatar ta kasance tana da tsarin cajin litiyum.

Haɗi

Idan inbata mai bolt 24 ce, batir biyu ake jerawa: kan ƙari (+) na wannan a haɗa da kan ragi (−) na wancan, kawuna biyun da suka rage su tafi inbata. Mai bolt 48 huɗu take so a haka. Baturan su zama iri ɗaya, girma ɗaya, saye ɗaya. Idan aka haɗa sabo da tsoho, tsohon zai riga cika ya riga ƙarewa, ya ja sabon ƙasa.

Wayar da ke tsakanin batir da inbata ita ce inda ake yawan yin rowa, kuma nan gobara take tashi. Amfa shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bi ta cikin waya: wat 800 a kan bolt 12 yana jan amfa 70 ko fiye, alhali a bolt 230 bai kai amfa 4 ba. Don haka wayar soket ba ta isa. A sa mai kauri, wadda aka rubuta wa 25mm² ko 35mm², ta tagulla zalla, gajera, kada ta wuce mita ɗaya da rabi. A sa fis ko bireka na wutar batir kusa da kan ƙari. A ɗaure noti tamau, domin sako-sakon haɗi yana zafi har ya narkar da kan batir. Mai ɗaurin ya cire zobe da agogo, ya naɗe hannun sifana da salatif. Sifana ɗaya da ta taɓa kawuna biyu za ta yi tartsatsi ta ƙona hannu nan take.

Ɓangaren allon wutar gida kuwa aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne. Shi zai ware layin fitilu da fanka da wasu soket ya ba inbata, ya bar manyan kaya a layin NEPA. Kada a taɓa cusa wutar inbata cikin soket don ta zagaye gida. Idan an kawo wuta inbatar za ta ƙone, kafin nan kuma wutar tana iya bin layi ta kama ma'aikacin da ke kan turke.

Abin da ke kashe batir

Na farko yunwa. Batir mai 200Ah ana yi masa caji da kimanin amfa 20. Mayar da rabin da aka ɗiba zai ci awa biyar a lissafi, amma da yake ƙarshen caji a hankali yake shiga, a ƙaddara awa bakwai zuwa takwas. A tsarin rukunin masu amfani da wuta na Najeriya, 'yan rukunin A aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, 'yan rukunin E awa 4. Wanda ke samun awa huɗu batirinsa ba zai taɓa cika da NEPA kaɗai ba, kuma ƙara yawan batura ba magani ba ne, ƙarin randuna ne a gidan da famfo ba ya zuwa. Abin da yake buƙata allon sola ne, ko ya riƙa cikasawa da janareta. Batirin dalma da ya zauna babu caji, wani farin gishiri yana daskarewa a farantansa, ya rage masa ciki har abada. Idan aka shiga doguwar ɗaukewa irin ta Oktoban 2024, da yawancin jihohin Arewa suka kwashe kwanaki cikin duhu, kada a bar batir a yashe ana jiran NEPA. A nemi janareta a cika shi, sannan a kashe inbatar.

Kada a jira kukan inbata kafin a rage kaya. Da yawansu sai batir ya sauka wajen bolt 10.5 suke yankewa, a lokacin an riga an yi ɓarna. Ƙaramar mitar awo ta fi gaskiya. A kashe komai, batir ya huta awa ɗaya ko biyu, a auna: 12.7 cikakke ne, 12.2 rabi, ƙasa da 12 an zarce iyaka.

Na biyu zafi. Ƙarfin da aka rubuta a jikin batir an auna shi ne a wajen digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana rage kusan rabin rayuwar batirin dalma. A Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram, inda zafin bazara yake haura 40, ɗakin ajiya mai rufin kwano marar taga kabari ne gare shi. A sa shi inda iska ke ratsawa, a kan katako ko teburin ƙarfe, nesa da rana. Mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, saboda haka ba a ajiye shi a ɗakin kwana ko kusa da murhu, ba a shan taba a kansa.

Na uku ƙishirwa. A duba ruwan tubula kowane wata, musamman da bazara, kada farantai su fito fili. A nan akwai ruɗani, domin a kasuwa asid ma "ruwan batir" ake ce masa. Tataccen ruwa marar asid ake ƙarawa, shi kaɗai, bayan batir ya cika, zuwa layin da aka zana. Ruwan rijiya, na famfo da na leda duk suna da gishirin da ke lalata farantai. Idan fari ko koren gari ya taru a kan batir, a kashe inbata, a kwance wayar, a goge da ruwan ɗumi da bekin soda ba tare da ya shiga ciki ba, a shafa basilin. Asid idan ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa na minti 15, a wuce asibiti.

Mataccen batir yana da kuɗi, masu sayarwa suna karɓarsa su rage farashin sabo. Kada a fasa shi a gida, kada a zubar da ruwansa a kwata, kada a bar yara su yi wasa da shi. Dalmar da ke ciki ita ce gubar nan da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010.

Aikin aji

Wani ofis yana da kwamfutar tafi-da-gidanka uku, kowace wat 60, fanka ɗaya mai wat 70, ƙwan fitila uku masu wat 10, da na'urar intanet mai wat 20. Ana ɗauke musu wuta awa biyar a lokacin aiki. A fitar da jimlar wat, a faɗi batir nawa mai 12V 200Ah za su saya. Sannan kowa ya yi irin wannan lissafi da kayan gidansa, ya zo da takardar a zama na gaba.