Yadda za ka tattara tarihin kakanka tun masu labarin suna raye

Kakana na wajen uba, wanda muke kira Baba Tsoho, ya rasu a 2023, Allah ya jiƙansa, amma har yau in ka shigo ƙauyenmu nan tsakanin Gumel da Maigatari ka ce ina gidan tsohon nan mai gudu, ƙaramin yaro ma zai kai ka har zaure. Ba a garin aka haife shi ba, daga ƙasar Damagaram ta Nijar ya zo, wajejen Dungas, kuma sai da ya haura sittin sannan ya fara gudun nan da ya zame masa suna. Ranar sadakar arba'in muna zaune mu jikoki sai gardama ta kaure, wannan ya ce ai shekararsa ɗari da goma, wancan ya ce ya taɓa zuwa Kano a guje ya dawo a yini ɗaya, ni dai na yi shiru ina jin kunya don na gane duk cikinmu babu wanda ya san mutumin da gaske. Shi ne na ɗauki aikin, na yi shekara guda ina fama, ga abin da na koya ko wani zai huta da kurakuran da na yi.

Da farko dai aikin nan na jika ne, kar ka jira babanka ya yi. Ɗa ba ya iya zama gaban ubansa ko uwarsa ya ce ya aka yi kuka haɗu, kunya ba za ta bari ba, balle ɗan fari. Amma kai jika kana da lasisin wasa, za ka iya ce wa kakarka ke amarya wai da me tsohon nan ya ruɗe ki, ta ɗaga maka muciya tana dariya, daga nan labari ya ɓalle. In kakan naka yana da rai to rufe wayar nan ka tafi yau. In kuma ya riga mu gidan gaskiya, zauna ka lissafa waɗanda suka san shi tun yana da ƙarfinsa: matarsa, ƙannensa mata, abokan zamansa na gindin dalbejiya, wanzaminsa, liman, mai unguwa. Sai ka fara da wanda ya fi tsufa ko ya fi jin jiki, ba wanda gidansa ya fi kusa ba. Nan na tafka kuskuren da har yau yake cina, akwai wani dattijo da suka tsallako tare, kullum ina cewa bari a gama girbi in je, ana cikin yankan gero aka ce ya cika. Cikin maza shi kaɗai ya rage wanda ya san hanyar da suka biyo.

In ka je kar ka ce ba ni tarihin wane. Wallahi abin da za ka samu shi ne mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai zumunci, Allah ya gafarta masa, shi ke nan an sallame ka. Tafi da goro ko sikari ko ɗan sabulu, bayan la'asar lokacin da aiki ya lafa, a gaisa sosai, sannan ka riƙa jefa ƙananan tambayoyi. Me kuka ci a hanya? Wa ya fara ba ku masauki? Gonar farko aro ce ko saye? Ruwa daga wace rijiya? Irin waɗannan su suke buɗe baki. Ka nemi izini kafin ka kunna rikodin, ka ajiye wayar kan tabarma ka manta da ita, in ka riƙa miƙa ta bakin tsohuwa kamar ɗan jarida nan take za ta koma maganar rediyo. Kuma in ta yi shiru kar ka yi saurin cike wurin, bar ta, abin da ke zuwa bayan shirun nan yawanci shi ne naman.

Ka ji maza daban, mata daban. A majalisa an ce min fatauci ya kawo Baba Tsoho, ya ga gari ya yi masa ya zauna. Da na shiga ɗakin Inna, matarsa, wadda har yau ba ta faɗin sunansa sai dai ta ce Malam, ta ce wane fatauci, yunwa ce ta koro mu, bisashe sun mutu, muka taho da goyo da jaki ɗaya, jakin ma ran Alhamis aka kai shi kasuwar Maigatari aka sayar aka auno hatsi. Mazan ba ƙarya suke yi don mugunta ba, suna rufa wa abokinsu asiri ne. Ka rubuta duka biyun, ka sa wanda ya faɗi kowanne.

Sai maganar shekaru, wadda ita ta fi ba ni wahala kuma ita ta fi daɗi. Kar ka yarda da katin zaɓe, na Baba Tsoho an rubuta 1 ga Janairu, kamar na rabin tsofaffin garin, mai cike takardar ne ya kalli fuska ya yanka. Tsofaffi ba sa riƙe lamba amma suna riƙe abin da ya faru, to kai sai ka tafi da lambobin a aljihunka. Zuwan Sarauniyar Ingila 1956. Mulkin kai 1960, Nijar a watan Agusta, Najeriya a Oktoba. Kisan Sardauna Janairun 1966. Canjin hannu na tuƙi 1972, fitowar naira da kwabo 1973. Sojoji suka kifar da shugaban Nijar Diori Hamani, Seyni Kountché ya hau, Afrilun 1974. Kisan Murtala 1976, rikicin Maitatsine a Kano ƙarshen 1980, canjin kuɗi da rufe boda na Buhari 1984, ƙirƙiro jihar Jigawa 1991. Inna ta ce da suka iso mutane ba su gama sabawa da sabon kuɗi ba, ana ta rikicin sule da kwabo a kasuwa, kuma ba su daɗe da sauka ba aka ce an kama Diori. Ka ga 1974 ke nan, daidai da babban farin nan da ya cinye Sahel. Sannan ƙanwarsa ta ce shekarar mulkin kai ya fara cika azumi talatin ba fashi, in ka ba shi sha huɗu ko sha biyar a lokacin, haihuwarsa ta faɗo wajen 1945. Wato ya rasu yana da saba'in da takwas ko kusa da haka. Ka kuma lura, in da azumi ake ƙirga maka, shekarar Musulunci ta gaza ta bature da kwana goma sha ɗaya, duk shekara 33 an samu rarar guda, to tamanin ɗinsu saba'in da takwas ɗinka ce.

Wasu ƴan uwa ba su ji daɗi ba da na sauko da shi daga ɗari da goma, kamar na rage masa daraja. Na ba su labarin Fauja Singh, wani tsoho ɗan Punjab a Indiya, manomi, wanda ya koma Ingila wurin ɗansa bayan matarsa ta rasu, ya shiga gudun fanfalaki na Landan a 2000 yana da shekara 89, sannan a 2011 ya kammala na Toronto a Kanada cikin awa takwas da ƴan mintuna yana da shekara 100. Duniya ta gani da idonta, amma masu kundin Guinness suka ƙi sa shi don ba shi da takardar haihuwa, sai fasfo mai cewa 1911. Ya rasu a Yulin 2025, mota ce ta buge shi a ƙauyensu. In wanda aka ɗauka a talabijin ma an yi masa gardamar shekaru, ina ga namu da za mu ƙara wa talatin da baki?

Gudun kansa ma sai da na bi shi da awo. Asalin abin hawan jini ne, ma'aikacin asibiti ya ce ya rage gishiri ya riƙa tattaki da safe, shi kuwa mutumin da ya tako daga Damagaram da ƙafa ya ce wannan ai ba magani ba ne, yawo ne. Sai ya mai da shi sassarfa, daga sallar asuba ya bi burtali har tsamiyar da ke bakin ƙauyen gaba ya juyo. Ranar farko maza suka fito da sanduna, don an san banza ba ta kai zomo kasuwa, dattijo da furfura ba zai zura a guje ba sai da abin da ya biyo shi, suka duba bayansa babu kare babu ɓarawo. Aka ce iskoki ne, aka ce an yi masa asiri, su Baba suka tura liman ya yi masa magana don kunya ta ishe su, dattijo ai ba ya gudu. Ya saurari liman tsaf, ya yi godiya, washegari ya fita. Kowa ya haɗu a kan cewa shekarar da rana ta yi husufi gari ya yi duhu da hantsi ya fara, wato 2006, yana da sittin da ɗaya ke nan. Da ƴar shara da takalmin roba yake yi, sai daga baya wani yayanmu ya kawo masa kambas daga Kano, ya ce suna da nauyi, ya ajiye su na zuwa Idi.

In kakanka yana da irin wannan abin, noma ne ko tafiyar ƙafa ko ɗaukar kaya, je ka auna. Na nemo babur mai mita mai aiki, wanda samunsa a ƙauye ma aiki ne don duk mitocin sun mutu, na bi hanyar, kilomita shida zuwa shida dawowa. Gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, to Baba Tsoho bai taɓa yinsa ba, bai taɓa manna lamba a ƙirji ba, bai je Kano a guje ba. Amma sha biyu kusan kullum, cikin rairayi, har ya haura saba'in, in ban da azumi da tsakiyar damina. Na gwada da ƙafata sau ɗaya, a kilomita na huɗu na zauna gindin wata aduwa ina haki, mai amalanke ne ya dawo da ni.

Daga nan sai akwatinsa. Ka nemi izinin manya kafin ka buɗe, kuma a buɗe gaban mutum biyu ko uku saboda maganar gado, kar a ce ka ɗauke takardar gona. A namu mun samu katin asibiti, da ƴan sefa, kuɗin Nijar, na ƙarfe ƙulle a tsumma, da rasit ɗin haraji guda uku, da wasu takardu da ajami da sai da na kai wa malamin allo ya karanta min, ashe lissafin bashin hatsi ne da ya biya. Rasit ɗin haraji shaida ce mai kyau, don gwamnatin Abubakar Rimi da ta hau a 1979 ta soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kano, lokacin muna cikinta, to wataƙila wanda ka gani na kafin nan ne. Ka ɗauki hoton komai a inuwa da rana, gaba da baya, kar ka kunna fitilar kyamara, kar kuma ka kai tsohuwar takarda a manne ta da roba mai zafi, lalata ta ake yi. Sa ta a leda ka ɗaga sama inda gara ba ta kaiwa.

Dangin can tsallake kar ka bar su. Ni lokacin an rufe boda bayan juyin mulkin Nijar na 2023, sai na samu lambar wani jikan yayansa ta hannun dillalin shanu, muka riƙa yi da saƙon murya a WhatsApp, in tura tambaya ya kai wa tsohuwarsu ya ɗauko amsa. Ta nan na ji sunan rijiyar gidansu da dalilin tsagen da ke fuskarsa. In za ka kwafe maganarsu a littafi kar ka gyara musu Hausa, in ta ce lakwal, wato makaranta, rubuta lakwal, in ta ce an kai shi likita tana nufin asibiti bar shi haka, muryar ke nan.

Ajiya kuma, don Allah wuri uku. Hirar Inna ta farko, kusan awa biyu, a memori kaɗai take, waya ta samu matsala na kai gyara, aka goge komai. Na koma ta sake min amma ba ta yi kamar ta farko ba, ba ta yi kukan ba, ba ta yi waƙar daka da ta yi ba. Yanzu duk hirar da na yi a daren nake tura wa ƙanwata, in na shiga Gumel inda sabis ke da ƙarfi in ɗora a Google Drive, sannan in kwafe da biro a littafi mai bango. Kowace hira ka sa mata sunan mai magana da ranar.

Akwai abin da za ka ji wanda ba na rubutawa ba ne, rigimar kishiyoyi, bashin da ba a biya ba, auren da ya mutu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu, kuma masu rai ma suna da haƙƙi. Kar ka ƙara abin da bai faru ba, amma ba dole ne duk abin da ya faru ya shiga littafi ba. Mu har maganar asalinsa sai da aka yi shawara, wani baffana ya ji tsoron kar a riƙa yi wa yaransa gorin ba ƴan ƙasa ba ne wajen neman takardar ƙaramar hukuma, aka tsaya a kan littafin na cikin gida ne, ba za a watsa sunaye da hotuna a Facebook ba.

Da na gama, shafi goma sha tara, na buga kwafi bakwai a shagon kwamfuta, na bari sai da aka taru da Babbar Sallah na karanta a tsakar gida bayan an ci nama. Ka fara karanta wa tsohuwar ita kaɗai kafin taro, ni ban yi haka ba. Ina cikin karanta wurin da aka sayar da jaki a Maigatari Inna ta ɗaga hannu ta ce tsaya, wa ya ce maka jaki ne, jaka ce, kuma da ciki, shi ya sa ta yi kuɗin da ya kai mu har faɗuwar ruwa. Na ce Inna ke fa kika ce jaki, ta ce to yanzu na ce jaka. Dole na bi kwafi bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya na gyara da biro.