Yadda Ake Tafiyar da Kuɗin Alawus a Aikin Sa-kai a Ƙasar Waje

Abin da ake ba ɗan sa-kai alawus ne, an auna shi daidai abinci da ɗaki da kuɗin mota a garin da zai zauna. Haka yake a UNV, shirin 'yan sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya mai hedkwata a Bonn ta ƙasar Jamus, haka kuma a VSO, ƙungiyar 'yan sa-kai ta Birtaniya da aka kafa a 1958. Wanda ya tafi da niyyar tara dukiya shi ya fi kowa shan wuya. Ga yadda ake bin abin.

Na farko, kafin ka sa hannu a yarjejeniya, ka nemi amsa a rubuce. Wa zai biya tikitin zuwa da na dawowa, biza, inshorar lafiya da haya? Ran nawa ga wata alawus ke shiga, kuma da kuɗin wace ƙasa? Ka tambaya musamman ko za a ba ka kuɗin tun farko, ko kai za ka kashe a maido maka. Idan maidowa ce, kowane rasit ka ɗauki hotonsa a ranar, domin tawadarsa na gogewa, kuma akanta ba ya biyan abin da bai gani ba.

Na biyu shi ne inda aka fi faɗuwa: makonni shida na farko. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, saboda haka ka tafi da guzurin da zai riƙe ka wata biyu ba tare da alawus ba. Dalili kuwa, abubuwan a sarƙe suke. A Jamus, alal misali, doka ta ce ka yi rajistar adireshinka cikin kwana 14 da shiga gida. Bankuna da yawa sai sun ga wannan takarda za su buɗe maka asusu, alawus kuma sai da asusu. Kana cikin wannan jira mai gida zai nemi kuɗin jingina (ajiyar da ake maido maka bayan ka bar gidan), wanda a can zai iya kai hayar wata uku, ko da yake doka ta yarda ka biya shi kashi uku. Ga layin waya, ga katin mota, ga kayan sanyi in a hunturu ka sauka. Birtaniya ma, a bizar masu aikin agaji, tana so ta ga fam 1,270 sun kwana 28 a jere a asusunka, sai fa in ƙungiyar da ta gayyace ka ta ɗauki nauyin.

Na uku, ranar da alawus ya shigo ka raba shi. Fitar da haya, wuta, waya da sufuri tukuna. Cire kashi ɗaya cikin goma ka ɓoye. Sauran ka raba biyar, kada ka raba huɗu, don wata ya fi mako huɗu, kuma kwanakin nan biyu zuwa uku na ƙarshe su ke jefa mutum cin bashi. Girki da kanka, ko haɗa tukunya da abokan zama, shi ne babban abin da ke rage kashewa.

Na huɗu, wajen na'urar ATM. Idan ta tambaye ka ko ta lissafa da kuɗin ƙasarku, ka ƙi, ka zaɓi kuɗin ƙasar da kake. In ka yarda, na'urar ce za ta yanka farashin canji, kuma yawanci ya fi na bankinka tsada. Ka riƙe kati biyu, kada su kwana a jaka ɗaya.

Sai maganar gida. Da an ji kana waje, an ɗauka ka samu. Tun kafin ka tashi ka zaunar da iyali ka faɗa musu nawa ne alawus ɗin da abin da zai ci. In za ka riƙa aikawa, ka tsayar da adadi ɗaya da rana ɗaya. Wajen aikawa kuma kada "kyauta ne" ya ruɗe ka. Ka duba nawa zai isa hannun mai karɓa, don ribar kamfani sau da yawa a cikin canji take ɓuya.

Idan aljihu ya yi zafi, kada ka kama aikin kuɗi a ɓoye. Yawancin bizar sa-kai ba ta halatta shi ba, kuma in an kama ka za a iya soke ta. Ka je wa jami'in da ke kula da kai, ka tambaya ko ana ba da wani abu daga alawus na gaba. Inshora ma ka karanta ta tun kana lafiya: wata takan biya asibiti kai tsaye, wata sai ka biya ta maido, kuma sau da yawa haƙori, tabarau da tsohon ciwo ba sa ciki.

Wata uku kafin ka gama, ka duba wa'adin sanarwar barin gida da na kwangilar waya, ka rubuta wa mai gida da kamfanin waya. Ka ɗauki hoton ɗakin ranar fita kamar yadda ka ɗauka ranar shiga. Kada ka rufe asusun banki ranar tafiya, domin kuɗin jingina kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin ya dawo, kuma ta nan zai shigo.