Yadda Ake Bin Diddigin Silsilar Malamai a Addinin Buda

Ɗalibin nazarin addinai a Gombe ko Bauchi, idan aka ba shi aikin bin silsilar wani malamin addinin Buda, ba zai rasa mafari ba, domin ya saba ganin takardar ijaza a zawiya tana jero sunayen shehunai ɗaya bayan ɗaya. Amma dole ya fara tantance wane irin gado ne a gabansa, tunda littattafan harshen Pali sun ruwaito cewa Buda bai naɗa magaji ba, ya bar wa mabiyansa koyarwarsa da dokokin zuhudu su zame musu jagora.

Idan malamin ɗan Siri Lanka ne ko Tailan, a nemi wanda ya naɗa shi ɗan zuhudu da waɗanda suka halarta, domin naɗin ba ya inganta sai da naɗaɗɗu goma, ko biyar a ƙasashen nesa. Da wannan silsila ta yanke a Siri Lanka, sai da aka gayyato wani malami mai suna Upali daga Siyam (Tailan ta yau) a 1753 ya sake ɗaura ta.

Aikin ya fi nauyi a mazhabar Zen ta Sin da Japan, inda ake ɗaukar malami tamkar uba, har takardar silsilar ana zana ta da jan layi mai ratsa kowane suna. A rubuta sunayen daga Mahakashiyapa, almajirin Buda, zuwa Bodidarma, magaji na 28 a Indiya kuma na farko a Sin, sannan zuwa Huinen, na shida, wanda ya rasu a 713. Daga nan a tsaya a tambayi shekarar da aka rubuta jerin, kuma a ganina nan ne ɗalibai suka fi yin sakaci. Jerin da ya shahara an tattara shi a 1004, ƙarnuka bayan mutanen, kuma matsayin Huinen ya kafu ne bayan gwagwarmayar almajirinsa Shenhui da wani ɓangaren da ke da nasa magajin. Wajibi ne a rarrabe abin da mabiya suka yi imani da shi da abin da tarihi ya tabbatar, ba tare da raina imaninsu ba.

A Tibet kuwa ana neman yaron da aka yarda malamin da ya rasu ne ya dawo, kamar Dalai Lama na 14, haifaffen 1935. A nan a bincika wa ya tabbatar da yaron, da ko hukuma ta sa hannu, kamar yadda sarkin Sin ya kafa ƙuri'ar zaro sunan yaron daga tulun zinariya a 1793.