Yadda za ka zaɓi wasan kare kai da za ka fara koya a Garwa, Marwa ko Ngaundere

Tun da Francis Ngannou, ɗan garin Batie a yammacin Kamaru, ya doke Stipe Miocic ya ɗauki kambun masu nauyi na UFC, babbar gasar faɗa mai haɗa duka da kamawa, a 2021, samari a nan arewa suke ta tambayar inda ake koyon faɗa. Tambayar ba laifi ba ce, sai dai akwai biyu da suka riga ta: wanne za ka koya, kuma a hannun wa? Ta biyun ma ta fi nauyi. Ga yadda za ka bi.

Mataki na farko, ka gaya wa kanka gaskiyar abin da kake nema. Wani teɓa yake so ya rage, wani gasa yake hange, wani kuma uba ne da yake so ɗansa ya bar yawon majalisa bayan La'asar. Mai sana'ar moto da ke dawowa gida da dare, shi tsoron ɓarayi ne ya kawo shi. To wannan na ƙarshe ya sani tun yanzu: babu wasan da zai sa ka gagari wuƙa. Malamin kirki zai fara koya maka lura da hanya da sanin lokacin gudu, ya ce maka idan an tare ka da makami ka miƙa wayar ka tsira da ranka. Wanda kuwa yake so ya koya don ya rama wani duka da aka yi masa a unguwa, gara ya zauna a gida.

Na biyu, ka san cewa wasannin nan kashi biyu ne: na duka da na kamawa.

A na duka akwai damben Turawa, da karate, da taikwando. Damben Turawa hannu ne zalla da iya taku, kuma shi ya fi saurin nuna amfani, don cikin 'yan watanni za ka iya tsare fuskarka ka kai naushi a miƙe. Kamaru tana da tarihi a ciki: Joseph Bessala ya ciyo azurfa a gasar Olamfik ta Meziko a 1968, Martin Ndongo-Ebanga ya ciyo tagulla a 1984. Illarsa ita ce kai yana shan duka, kuma dukan kai ba ya wucewa a banza. Karate daga tsibirin Okinawa na Japan ya fito, yana haɗa hannu da ƙafa, yana kuma buƙatar haƙurin maimaita motsi ɗaya har ka gaji. Taikwando na Koriya ne, kusan duk aikinsa shuri ne, ya fi dacewa da mai dogayen ƙafafu da laushin gaɓoɓi. Ka dubi Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar, dogo sosai, wanda ya ci azurfa a Olamfik ta Rio a 2016 ya kuma zama zakaran duniya a 2017.

A na kamawa akwai judo da kokawa. Jigoro Kano ne ya kafa judo a Tokyo a 1882, kuma abu na farko da ake koya wa sabon shiga shi ne yadda zai faɗi ba tare da ya karye ko ya bugu a ƙeya ba. A garin da kowa ke hawa moto, wannan kaɗai ya isa dalili. Ni dai idan yaro ne ɗan shekara bakwai zuwa goma sha biyu, judo nake fara ambata wa iyayensa. Kokawa kuwa tamu ce, ba sai an sayi komai ba, yashi kawai take nema, kuma maƙwabtanmu Masa da Tupuri a Arewa Mai Nisa sun shahara da ita. Damben gargajiya, mai naɗe hannu da kara a yi turmi uku, abin alfahari ne, amma ba nan sabon shiga zai fara ba: babu abin kare kai ko haƙori, kuma a fage ake koyonsa, da jiki.

Na uku, ka duba jikinka da aljihunka. Mai ciwon gwiwa ya yi hankali da taikwando, mai ciwon baya ya yi hankali da judo. Wanda ya haura arba'in, ko yake da hawan jini, ya ga likita kafin komai; kulob mai tsari ma zai nemi takardar likita. Ka tambayi kuɗin rajista, da na wata, da na lasisin hukumar wasan, da na jarrabawar ɗamara (launin ɗamara ne ke nuna matakin da mutum ya kai), a gaya maka duka da sefa tun ranar farko. Kada ka sayi kimono, wato rigar judo ko karate, ko safar dambe sai ka yi makonni kana zuwa.

Na huɗu, ka nemi abin da ke kusa da kai. Ka leƙa ofishin wasanni na jiha, ko CENAJES, cibiyar matasa da wasanni, idan a Garwa kake, ko ka je wajen filin wasa na Rumde Ajiya a Garwan da yamma ka tambayi masu motsa jiki. Malaman wasanni na makarantun sakandare su ma sun san inda ake yi. Wasan da kake ƙauna amma sai ka hau moto sau biyu kafin ka isa, da wuya ka riƙe shi wata uku. Wanda za ka taka da ƙafa sau uku a mako, shi ne naka.

Na biyar shi ne babba, kuma gani ya kori ji. Ka je ka zauna a gefe ka kalli darasi guda daga farko har ƙarshe kafin ka ba da ko dala. Kada ka kalli gwanayen, ka kalli yadda ake yi da sababbi. Ana ɗumama jiki kafin a fara? Malamin yana zagayawa yana gyara wa kowa tsayuwa, ko yana gefe yana danna waya? Idan an haɗa mutum biyu, ana duba nauyi da shekaru? Inda aka jefa sabon yaro gaban tsohon hannu ranar farko wai don a gwada zuciyarsa, ka tashi ka tafi. Inda ake kayar da mutane a kan siminti babu tabarmar judo ko yashi, ka tafi. Ka tambayi malamin wa ya koya masa, kuma wace hukuma ta ba shi baƙar ɗamararsa, wato shaidar ƙwarewa. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Wanda ya yi maka alkawarin baƙar ɗamara cikin shekara ɗaya kuɗinka yake so, don a inda ake yi da gaske shekaru ake ɗauka. Haka wanda ya kawo maka zancen laya ko tauri. Idan kuwa ka ga ana shan tramol don kada a ji zafin duka, kada ka sake komawa, kada kuma ka bar ƙaninka ya je.

Na shida, abin da ya shafi addini da gida. A karate da judo da taikwando ana ɗan sunkuyawa a gaisa kafin a fara. Idan zuciyarka ba ta kwanta da shi ba, ka tambayi malaminka na addini, sannan ka yi wa mai koyarwa magana tun farko. Ka kuma duba ko ana tsayawa idan an kira Magariba. Ga 'yan mata, iyaye su nemi inda akwai mace mai koyarwa ko lokaci na mata daban. Lulluɓi ba ya hana gasar karate: Feryal Abdelaziz ta Masar da kanta a rufe ta ci zinare a karate a Olamfik ta Tokyo a 2021.

Na bakwai, ka zaɓi ɗaya ka ba shi wata uku cur, kada ka haɗa biyu. Makon farko cinyoyi da kafaɗu za su yi tsami, wannan ba komai. Ciwon da ke cikin gaɓa mai kumburi shi ne na zuwa asibiti. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Marwa ke haura digiri 40, ka yi atisaye bayan Asuba ko gab da faɗuwar rana, da gorar ruwa a hannu. Da azumi ka rage ƙarfi, ko ka mayar da shi bayan Asham. Idan wata ukun sun cika ka ga kullum kana neman dalilin fashi, ka je ka kalli darasin wani malamin kafin ka yanke cewa wasan ne bai karɓe ka ba.