Yadda na gyara -resume da ya ƙi aiki a Nextflow

Nextflow manhaja ce da ke gudanar da jerin matakan sarrafa bayanai. Matsalar ita ce: mataki na ƙarshe kaɗai na gyara, na saka -resume, umarnin da ke sa shi tsallake ayyukan da ya riga ya gama, amma Nextflow ya koma tun daga farko yana sake daidaita fayilolin FASTQ (masu ɗauke da bayanan jerin DNA), aikin da ke cin sa'o'i.

Nextflow na lissafa wa kowane aiki wata lamba ta musamman daga rubutun umarninsa, kwantenarsa (ƙunshin manhajojin da aikin ke gudana a ciki) da fayilolin da suka shiga. Game da fayil, abu uku yake dubawa: inda yake, girmansa, da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe. Ko ɗaya ya motsa, lambar ta canza, aikin da duk na bayansa sai an maimaita.

Na gudanar da shi sau biyu da -dump-hashes, mai fitar da waɗannan lambobi, na kwatanta .nextflow.log (fayil ɗin rahoton aiki) na kowanne da diff, umarnin da ke nuna bambancin fayiloli biyu. Lokacin fayilolin ne ya bambanta, domin suna kan ma'ajiyar NFS (wadda kwamfutoci ke rabawa ta hanyar sadarwa), wadda ba kullum take ba da lokaci iri ɗaya ba. Na rubuta process.cache = 'lenient' a nextflow.config, fayil ɗin saituna. Shi 'lenient' inda fayil yake da girmansa kawai yake kallo. Akwai 'deep' mai karanta abin da ke cikin fayil, sai dai da manyan fayiloli yana da nauyi ƙwarai.

Saura mataki ɗaya ya ci gaba da taurin kai. Ashe collect(), mai tattara fayiloli wuri ɗaya, shi ne ke jero su yadda suka iso, kowane karo da tsarinsa. collect(sort: true) ya magance shi.

Kada a goge work/ (inda sakamakon ayyuka yake) ko .nextflow/cache (inda lambobin suke), in babu ɗaya, -resume bai da abin kamawa.