Darasi na 9: Wa za a kira in tsoho ya kasa?

Mu karanta

Inna ta faɗi a bakin makewayi bayan sallar asuba. Surukarta ce ta ji ƙarar buta, ta fito da gudu.

"Subhanallahi! Inna, me ya same ku?"

"Ƙafar ce ta ƙi, 'yar nan. Kada ki tada hankalin kowa."

Maigidan yana Abijan wajen biɗa, shekara 2 ke nan. Ƙanensa yana Libiya. A gidan daga mata sai yara. Surukar ta buga wa mijinta waya, ba ta shiga ba. Ta tsaya da wayar a hannu. Ba ta da lambar mai adaidaita, ba ta da ta majo, wato shugaban likitar unguwa. Sai da hantsi ya yi aka samu abin hawa.

Mu fahimta

Duk wanda ya zauna a Adar ya san irin wannan gida. Maza suna tafiya Kwaddibuwa, Najeriya ko Libiya, su bar iyaye a hannun mata. Kuɗi yana zuwa ta Nita ko Al Izza, amma kuɗi ba ya ɗaga tsohuwa daga ƙasa. Gidan ajiye tsofaffi irin na Faransa kuwa ba al'adarmu ba ce. Taimako yana nan a garin Tawa, sai dai a warwatse yake: wani a likita, wani a ma'aikatar magajin gari, wani a masallaci, wani a gidan maƙwabta. Aikinmu a wannan darasi shi ne mu tattara shi a shafi guda na kaye, tun tsoho yana kan ƙafafunsa.

A fara da likita mafi kusa. A ƙauye akwai ƙaramin ɗakin shan magani. A gari akwai likitar unguwa da ake kira CSI, kamar ta Garkawa ko ta Wadata. Shugaban CSI shi ake kira majo. In ciwo ya fi ƙarfin CSI, majo ne zai rubuta takardar turawa zuwa asibitin gunduma ko babban asibitin jiha, wato CHR ta Tawa. Daga can ake turawa Yamai in ta kama. Mutanen wajen Malbaza da Madawa kuma sun san asibitin Galmi. Kada a raina takardar turawa, domin ita ke gaya wa likita na gaba abin da aka riga aka gani da maganin da aka riga aka bayar.

Ku kai tsoho a auna masa tansiyo da suga ko da bai ce komai yana damunsa ba. Hawan jini ba ya sallama. Tsoho kuma gwanin ɓoye ciwo ne, don ba ya son a ce ya zama nauyi. Ku sayi karne, a riƙa rubuta awon a ciki. Idon da ya yi fari, wanda muke cewa tsufa ne kawai, sau da yawa yanar ido ce, kuma ana cire ta da ɗan aiki, mutum ya koma ganin jikokinsa. Ku tambayi majo inda ake duba ido.

Maganar kuɗi: kulawar kyauta da aka soma a 2006 ta yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki ce, don haka kada a je da tsoho hannu wofi. Tun watan Satumba na 2024 an rage kuɗin ayyuka da dama a asibitocin gwamnati. Ku tambayi farashi a wurin biya, ku karɓi rasit. Wanda ba shi da hali ya nemi sashen taimakon jama'a na asibiti, ya kuma je ma'aikatar magajin gari ya yi tambaya a kan takardar shaidar rashin ƙarfi. Tafiya da mai unguwa tana sauƙaƙa wannan, tunda shi ya san gidan.

Akwai ranar da ba a jiran kowa. In baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, a tafi asibiti nan take. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki, zai iya shaƙewa. A yi addu'ar a kan hanya. Lambar 'yan kwana-kwana 18 ce.

In tsoho ya taɓa aikin albashi, a binciki fanshonsa. Wanda ya yi aiki a kamfani, ofishin fansho na CNSS zai je. Tsohon ma'aikacin gwamnati kuma ofishin fansho na CARENI. Matar da mijinta ya rasu yana da fansho tana iya samun rabo, amma sai da takardar aure da ta rasuwa. Wanda ba shi da takardar haihuwa, kotu tana yin wadda ke maye gurbinta in an kawo shaidu. A haɗa takardun nan cikin leda guda, a ajiye inda gara ba ta kai.

Mai jinya

Nan ne wuyar take, kuma nan muka fi yin shiru. Likita zai duba Inna na minti kaɗan. Sauran awoyin na wa ne? Wanka, tsarki, wankin zane, dama hura, tashin dare. Galibi duk wannan a kan mace ɗaya yake sauka, suruka ko 'ya, ga girki ga yara. Ba ta iya cewa ta gaji, don kada a ce ba ta da tarbiyya. Ni a ganina ɗan da ya aiko jika 20 daga Abijan bai sauke nauyin ba tukuna, sai ya tambayi wadda ke riƙe da mahaifiyarsa ko tana samun barci.

A zauna da dangi a raba kwanaki, kamar yadda ake raba girki. Wance Litinin da Talata, wance Laraba. Jika saurayi ya ɗauki kai kaka likita da sayo magani. Na nesa su ɗauki kuɗin odonas. A rubuta rabon, domin abin da aka bari a baki kowa yadda ya ga dama yake tuna shi.

In dangi ba su isa ba, ɗaukar mai taimako ba abin kunya ba ne. Ina ake samunsa? Ku tambayi majo, ku tambayi rele na unguwa, wato mai kai saƙon likita gida-gida. Liman da mai unguwa sun san mutanen kirki masu neman aiki. Mata kuma su kawo maganar a taron asusu, irin na Mata Masu Dubara. Wata a cikinsu ta san bazawara mai haƙuri da ta taɓa jinyar uwarta.

Mace ta kula da mace, namiji da namiji, saboda wanka da tsarki. Kafin a yanke magana, a kai ta gaban tsohuwar. A bar su su gaisa, ku kuma ku lura. Ta durƙusa? Ta saurari labarin da aka maimaita mata sau biyu ba ta ɓata fuska ba? Ita tsohuwar ta sake da ita? Jikinta ne za a taɓa, saboda haka tana da ta cewa. Sannan a faɗi aikin dalla-dalla, da lada, da ranar biya, da ranar hutu, a gaban shaida. A gwada mako ɗaya tukuna.

Mai taimako ba malamar asibiti ba ce. Allura, ƙarin ruwa da wankin gyambo aikin wanda ya koya ne, kuma majo ne zai nuna muku shi. Maganin da ake yawo da shi a faranti cikin rana ba na tsoho mai tansiyo ba ne. Abu biyu dai kowa a gida zai iya. Tsohon da ke kwance a riƙa juya shi bayan kowace awa 2, don kada bayansa ya yi gyambo. A zafin Afrilu da Mayu kuma a riƙa miƙa masa ruwa ko bai roƙa ba, don tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri.

Mu tattauna

Me ya sa Inna ta ce kada a tada hankalin kowa? A gidanku, wa ke tashi da dare in tsoho ya kira? Wa ke karɓar mai jinyar in ita ma ta kwanta?

Mu yi lissafi

A ce an aiko jika 30. Ladan mai taimako jika 15, magani jika 7, adaidaita zuwa likita da dawowa jika 1. Nawa ya rage? In za a koma awon tansiyo sau 2 a cikin watan, nawa za a ware wa abin hawa?

Mu rubuta

Buɗe sabon shafi a kayenka. A sama rubuta sunan tsohon gidanku da manyan baƙaƙe. A ƙasa rubuta sunan CSI mafi kusa, sannan lambar majo ko rele, lambar mai adaidaita ɗaya da zai amsa waya da dare, lambar mai unguwa, da ta maƙwabci guda. Ƙara lamba 18. Kwafi sunan kowane magani daga jikin kwalinsa, harafi bayan harafi, da lokacin shansa. Wanda bai samu lambar majo ba ya biya ta CSI kafin darasi na gaba. A zo da kayen.